Ranar da Na Amsa Taken Yaya

Ni ba manomi ba ne, kuma ban taɓa yi wa kowa ƙaryar noma ba. Malamin firamare ne ni a Batsari, alli ne ya ci mini yatsu, ba ƙotar galma ba. In na je hutu ƙauyenmu, can bayan Ruma, har tafin hannuna tsofaffin mata ke kamawa su duba, wai ya fi na amarya laushi. Haushi nake ji, kuma ba na ɓoyewa, don ni mutum ne mai saurin hawa. Inna, mahaifiyarmu, takan ce tun ina goye haka nake, in nono ya yi jinkiri sai cizo.

Manomin gidanmu Yaya ne, wana, ɗan farin Inna. Geronsa ne ya kai ni makarantar kwana tun ina ƙarami, shi kuwa ko ƙofar aji bai leƙa ba. Dogo ne, ba ya son yawan magana, kuma bai taɓa kirana da sunana ba, sai Auta. Inna ma ba ta kiran nasa sunan, saboda kunyar ɗan fari. In za ta yi mini maganarsa sai ta ce “wanka”, ko ta nuna ɗakinsa da baki. A gabanmu ba ta taɓa yaba masa ba, ko da kuwa ya cika rumbu uku.

A wajenmu in za a yi gayya, wato maza su taru su gama aikin gonar mutum ɗaya a yini guda, sai da gangar noma. Makaɗinmu wani dattijo ne mutumin Runka, ta ƙasar Safana, gajere mai ƙaton wuya, kowa Baba yake ce masa. Kowane gidan manoma yana da takensa, wato kiɗan da ganga ke kiran namijin gidan da shi. Namu tun kakanmu yake. Abin da gangar ke faɗa shi ne: “Na ƙofar yamma, rana ta gaji ta bar ka a gona.” Da zarar Baba ya sako shi, sai Yaya, wannan mutum marar magana, ya cilla galma sama ya cafe, ya kwarara ihu: “Ga ni! Ban gaji ba, ban tafi ba!” Daga nan sai ya faɗa wa kunyoyi, sai dai ka ga ƙasa na tashi. Sau uku ko huɗu na taɓa ganin haka a hutun damina, kuma kowane lokaci tsigar jikina sai ta tashi.

Na kuma san abu ɗaya, cewa abin kunya ne a buga taken gida ya faɗi ƙasa ba wanda ya amsa. Iyakar ilimina ke nan a kan take, amma da yake ina da takardar shaidar malanta, gani nake na san komai.

Da mutanen daji, wato 'yan bindiga, suka fara addabarmu, ganga ce farkon abin da ya yi shiru. Ƙararta tana tafiya nesa, kuma in sun ji ta sun san maza sun taru a gona, gari ya zama na mata da yara. Damina biyu ba a buga ta ba. Kowa ya koma noman sata, ya leƙa gona da sassafe, ya tsuguna ya ɗan taɓa, kunnensa na wajen ƙarar babur. Gonakin nesa duk suka zama daji. Aka sace shanu, aka ƙone rumbuna a ƙauyuka biyu da ke kusa da mu, wasu gidaje suka kwashe suka dawo Batsari suna kwana a kangaye.

A damina ta uku dattawa suka ce yunwa za ta riga bindiga gama mu. Suka ce a dawo da gayya, don mutum talatin za su gama gona kafin azahar su watse, wanda mutum ɗaya zai yi mako yana kai kansa. Baba ya zo a bayan babur da gangarsa a cikin buhu, kamar mai kai dankali kasuwa. Ya sassauta mata igiyoyi har muryarta ta dushe, ba ta wuce gona biyu. Waƙoƙinsa ma suka sauya. Da can zambo yake yi wa raggaye da masu dogon barci, a yi ta dariya. Yanzu sai ya riƙa cewa:

“Sun ƙone rumbu, ba su ƙone damina ba,
Sun kora shanu, sun bar mu da kafaɗu,
Mai kuka ya yi kuka yana huɗa.”

Manoma su amsa ƙasa-ƙasa, kowa kansa a duƙe. Ba waƙar da za ka yi rawa da ita ba ce, amma aiki yana ci.

A wannan daminar aka ɗauke Yaya. Da hantsi ne, yana noman farko a gonarmu ta gefen rafi, shi kaɗai, don ya ƙi jiran layin gayya ya zo kansa. Wata mata mai tsinkar ganye ta ga babura uku, ta kwanta cikin ciyawa har suka wuce da shi. Bayan kwana biyu wayata ta yi ƙara ina cikin aji. Lambata kaɗai Yaya ya haddace, ita ya ba su. Daga ranar na zama bakin gidanmu. Ni suke kira, ni suke zagi, ni nake cewa “ranka ya daɗe” ga yaron da a haife na kusa haifarsa. Duk abin da ƙauye ya sani game da Yaya, daga bakina yake fitowa. In na sauka daga babur, kafin in ce sannunku, fuskata ake karantawa.

Sai kuma suka yi shiru. Kwana ashirin da wani abu ba kira, in na buga wayar a kashe. A cikin shirun nan lokacin huɗa ya yi, mutanen gari suka ce za su yi wa gonar Yaya gayya, kada iyalinsa su rasa abinci. Aka sa ranar Asabar don in samu zuwa.

Na iso an riga an ja layi. A bakin kunya ta farko na ga galmar Yaya a kafe, ƙotarta a tsaye, ba wanda ya taɓa ta. Na ce a raina, to, ni aka ajiye wa, suna so su ga ko ɗan boko zai iya. Na yi banza da ita, na tsaya gefe ina gaisawa da dattawa.

Baba ya fara kiran gidaje ɗaya bayan ɗaya, kowa yana amsa nasa. Can na ji ya sako namu. Gonar ta yi tsit. Kowa ya tsayar da galmarsa ya sunkuyar da kai. Baba ya sake bugawa, shiru. Gani na yi tausayinmu ake ji, wai gidan ƙofar yamma ya ƙare, ba namiji sai mai laushin hannu. A gonar ubana, ina tsaye da raina, taken kakana zai faɗi ƙasa? Ina! Da ya buga na uku ban san lokacin da na tsallaka na fizge galmar nan daga ƙasa ba. Na ɗaga ta sama da hannu biyu, na buɗe maƙogwaro: “Ga ni! Ban gaji ba, ban tafi ba!”

Gangar ta tsaya cak. Wani dattijo ya ce, “Innalillahi wa inna ilaihi raji'un,” sauran suka ɗauka. Na waiga ina neman abin da ya faru, na ɗauka babura aka hango. Sai na ga Inna. Ta taho da mata suna kawo fura, kuma inda take tsaye nan ta durƙushe a kan gwiwoyinta, ƙwaryar na bisa kanta ba ta ko sauke ba, sai da wata ta ɗauke mata. Matar da ba ta taɓa furta sunan ɗanta ba, ranar sau uku ta kira shi da ƙarfi a gaban maza.

Baba ya matso kusa da ni, ya ce, “Malam, yaushe labarin ya zo?”

Na ce, “Wane labari, Baba?”

Ya dube ni, ya dubi galmar da ke hannuna. Ya ce, “Ba su kira ka ba?”

Na ce wallahi rabona da jin muryarsu an fi kwana ashirin.

Ya dafe kai. A nan, a tsakiyar gona, ya karantar da malamin makaranta abin da ɗan shekara goma ya sani a ƙauyenmu. In mai take ya yi tafiya, ko yana kwance ba lafiya, galmarsa ake kafewa, a buga masa sau uku, kowa ya yi shiru. Shirun nan shi ne ajiye masa wurinsa, ana nufin yana raye, zai dawo ya amsa abinsa. Ba a amsa taken mai rai. Sai ya mutu ɗansa ko ƙanensa ke cire galmar ya amsa a gaban jama'a, kuma daga ranar take ya zama nasa. Haka Yaya ya karɓa bayan rasuwar mahaifinmu, ina can makarantar kwana ina haddace sunayen kogunan duniya. Ashe ma Inna ce ta aika wa Baba tun ana gobe gayya, ta roƙe shi kada ya tsallake gidanmu, don ta ji shirun da kunnenta.

Na mayar da galmar na kafe. Na rantse, na sake rantsewa, na zagaya ina nuna wa mutane wayata kamar mahaukaci. Wasu suka yarda, wasu suka ce ɓoyewa nake don kada Inna ta faɗi. Kafin la'asar labari ya kai ƙauyukan kewaye, mutane suka fara sallama a ƙofar gida suna “ya haƙuri”. Na kori mutum biyu da faɗa, ɗaya ma sa'an mahaifina ne, har yau ina jin kunyarsa. Matar Yaya ta cire 'yan kunnenta ta shige ɗaka za ta fara takaba, sai da liman ya zo da kansa ya ce ba a takaba a kan zato.

Inna ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Duk zuwan da zan yi, bayan mun gaisa, sai ta rage murya ta ce, “Auta, ni fa na iya haƙuri. In ka san wani abu ka faɗa mini.” In ce, “Inna, wallahi kuskure ne.” Ta ce, “To.” Wani makon ta sake tambaya.

Ana gab da yankan gero suka sake kira, na ji muryar Yaya, siririya kamar ta tsoho. Muka sayar da abin da za mu iya sayarwa, dangi suka taimaka, aka kai musu kuɗin fansa. Bayan an gama ɗaure dawa suka sako shi a bakin daji ta wajen Runka, wani mai ɗaukar itace a a-kori-kura ya kawo shi.

Ba zan bayyana yadda ya dawo ba, ba na so. Abin da ya shafi wannan labari hannunsa ne na dama. Igiyar da suka ɗaure shi da ita wata da watanni ta kashe masa jijiya, yatsu uku ba sa lanƙwasuwa. Da hagu yake cin tuwo, yana neman gafarar Allah. Muka kai shi asibiti a Katsina, suka gwada abin da za su iya, suka ce sai a hankali.

Kullum ina neman yadda zan faɗa masa abin da na yi, kullum bakina ya yi nauyi. Na roƙi mutanen gida kada wanda ya riga ni. Rannan muna zaune a zaure yana shan kunu, na daure na ce, “Yaya, akwai wata magana ta ranar gayyar gonarka.”

Bai ɗago ba. Ya ce, “Na ji tun a can.”

Ashe bayan gayyar da 'yan kwanaki sun kamo wani mutumin ƙauyen da ke maƙwabtaka da mu, suka haɗa su sarƙa ɗaya. Da mutumin ya gane shi sai ya ja da baya a tsorace, ya ce ai an ce ka mutu, ƙanenka ya amsa take. Ka ji fa. Ni ina Batsari ina barci a kan katifa, shi yana ɗaure a gindin itace, aka kai masa labarin cewa gidansu ya shafe shi daga cikin masu rai, kuma da bakin ƙanen da ya yi wa noma ya yi karatu.

Na ce, “Yaya, ban sani ba. Wallahi tallahi ban san haka abin yake ba. Ka yafe mini.”

Ya ce, “Kunun nan ya yi sanyi. Ce a ɗumamo.”

Daga nan bai sake bari na ɗauko zancen ba. Bai canza mini fuska ba, yana tambayata makaranta, yana aiko mini da wake. Ni kuwa abin yana cina. Da rani na hau babur na tafi Runka, a hanyar da mai hankali ba ya bi sai dole, na sami Baba yana gyaran fatar ganga a ƙofar gidansa. Bayan mun gaisa na ce so nake a mayar wa Yaya takensa.

Ya ce, “Malam, tun zamanin ubana ban taɓa jin take ya koma baya ba.”

Raina ya ɓaci. Na ce, “A zamanin ubanka an taɓa sace mutum a gonarsa a ɗaure shi wata biyar? An taɓa kawo ganga a buhu?”

Ya ci gaba da jan igiya. Can ya ce, “Ka iya rashin kunya, amma ka faɗi gaskiya. Gayyar farko ta bana zan juya gangar in fuskance shi, in buga. In ya amsa, nasa ne, duk mai magana ya zo ya same ni. Kai kuma ka ɗinke bakinka.”

Na ce ko wuƙa aka sa mini ba zan ce uffan ba.

Damina ta sauka, aka sa gayyar farko a wata gona da ke jikin gari. Na sanar da Yaya yadda muka yi da Baba, ya ce “To” kawai. Amma matarsa ta tsegunta mini cewa kwana da kwanaki yana shiga bayan rumbu da galma, yana ɗaure ƙotar a hannunsa da tsumma yana gwadawa. Ranar kuwa ya riga kowa shiri. Ya sa tsohuwar rigarsa ta noma, wadda yanzu mutum biyu irinsa za su shiga, ya saɓa galmar a kafaɗar hagu. Muka jera har gonar. Mutane suka yi ta murnar ganinsa a layi, ana “barka da arziki”. Inna ma ta fito, ta zauna can gefe cikin tsofaffi a inuwar wata bishiyar kanya.

Baba ya kira gida huɗu, sannan ya tako har gaban Yaya, ya gyara rataya, ya sako namu. Na kafe idona a ƙasa, na cije leɓe.

Na ji motsin Yaya a gefena. Ya sauke galmar, ya kama ƙotar da hagu, ya ɗora na dama a kai yana tura yatsun da ƙarfi su kama. Ya ɗaga ta har ƙirji. Ta karkace, ta zame, bakinta ya daki ƙasa kusa da ƙafarsa.

Baba ya yi kamar bai gani ba, ya buga na biyu, a hankali, yana ba shi lokaci. Yaya ya sunkuya ya sake kamawa. Ina jin numfashinsa. Wannan karon ko gwiwa ba ta wuce ba. Ni dai addu'a nake a zuci, ya Allah ko da hagu ne, ko ba galma, ya buɗe baki kawai ya ce ga ni.

Sai na ji ƙotar ta taɓa hannuna. Ya ce, ƙasa-ƙasa yadda ni kaɗai zan ji, “Karɓi, Auta.”

Na ce, “Wallahi ba zan karɓa ba. Ka amsa da baki, Baba ya ce ya isa.”

Ya ce, “In ce ban gaji ba? A gaban mutanen nan zan yi ƙarya?” Ya ƙara turo mini ƙotar. “Ranar da aka gaya mini a can, kwana uku ban iya haɗiye komai ba, don baƙin cikinka. A na huɗu na ce, to, ko sun yanka ni akwai mai amsawa a gidanmu. Da wannan na rayu. Kada ka sa ya faɗi ƙasa ina tsaye. Karɓi.”

Baba ya ɗaga gula zai buga na uku, yana kallona, idanunsa sun kaɗa. Na karɓa. Na ɗaga galmar, na amsa, muryata na fashewa, majina da hawaye duk sun haɗe mini, ni da nake taƙama ba na kuka a gaban mutane. Layi ya motsa, ƙasa ta fara tashi, dole na duƙa na bi su.

Da na kai tsakiyar kunya na waiga. Yaya ya juya baya yana tafiya a hankali, hannun nan a rataye a gefensa. Ya nufi inuwar kanyar inda tsofaffin da suka gama noma a duniya ke zama, mutumin da bai cika arba'in da biyar ba. Suka muskuta suka ba shi wuri a kan tabarma, ya zauna.